Dusar masara zalla: tana ƙara wa sa nama, ko ciki kawai take cika masa?

Mai Turke: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Shawara nake nema. Ina da bijimai biyu farare da na sayo a kasuwar Wudil, na ɗaure su don Babbar Sallah. Abincinsu dusar masara safe da yamma, ina damawa da ruwa, sai karan masara da na kwaso daga gona. Suna cinyewa tas, ciki ya fito, amma baya bai cika ba, tozo ma bai tashi ba. Ɗayan kuma kashinsa ya yi ruwa-ruwa yana warin tsami. Wani ya ce in ƙara dusa, wani ya ce in rage. Masu sani ku taimaka.

Baffa Mai Sanda: Wa alaikumus salam. Yaro, ka ba su maganin tsutsa da na hanta kafin ka ɗaure? Idan ba ka ba su ba, tsutsa kake kiwo. Fara da wannan. Dusa kuwa ba ta da laifi. Da ita iyayenmu suka turke shanu, da ita da ƙasari da kanwa, kuma sun fitar da san da sai mutum huɗu sun kama igiyarsa. Ka ƙara musu, ka jefa jar kanwa a ruwan sha.

Mai Turke: Na ba su, Baffa, tun ranar da suka shigo gida. Har wankan kaska an yi musu.

Likitan Dabbobi: Baffa, Allah ya ƙara girma, maganar tsutsa gaskiya ce. Amma a kan ƙara dusa ban bi ka ba. Kashi mai ruwa da warin tsami alama ce cewa tumbin san nan ya fara yin tsami. A cikin tumbi akwai ƙwayoyin halitta da ke narkar da ciyawa. Idan aka cika musu abu mai sitaci, kamar dusar da ta kwaso gari da tsaki da yawa, sai su yi ta fitar da asid fiye da yadda tumbin zai iya ɗauka. Abin da ke kashe kaifin asid ɗin shi ne yawun da dabba ke haɗiyewa lokacin tuƙa, tuƙa kuma ba ta samuwa sai da abu mai kaushi. Dusar da aka dama da ruwa zuƙe ta sa yake yi, ba ya taunawa. In aka ci gaba a haka, sai ya daina ci, ya fara ɗingishi saboda kofato ya yi zafi, wani ma ciki ya kumbura ya kwanta.

Malam Mai Turke, ka rage dusar zuwa rabi na 'yan kwanaki, ka fara ba su kara ko harawa da safe kafin dusa. Ka riƙa duba su da rana idan sun kwanta: suna tuƙa ko sun yi shiru?

Baffa Mai Sanda: Likita, ku dai komai sai kun kawo ƙwayoyin da ido ba ya gani. To iyayen namu da suka yi da dusa fa?

Likitan Dabbobi: Baffa, tuna mini abin da ke cikin rumbunsu da saman danga a lokacin. Harawar gyaɗa, harawar wake, kowar wake, 'ya'yan gawo, angurya daga audugar da kowane gida ke nomawa. Dusar ta surfen turmi ce, ɗan abin da aka samu daga tuwon gida, ba buhu-buhu ba. Dusa ƙari ce a kan waɗannan. Yau an juya abin, dusa ta zama uwar abinci, harawa ta zama ta marmari saboda tsada.

Baffa Mai Sanda: Angurya kam akwai ta, wannan ba zan musa ba.

Na Saminaka: Bari in shigo, don ni injin surfe nake aiki da shi. Mutane suna cewa "dusar masara" kamar abu ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Akwai wadda aka yi surfe sama-sama, fatar ƙwaya ce kawai, fara fat, ba nauyi, in ka damƙa ka saki sai ta watse. Akwai wadda injin ya ci masarar sosai, ya kwaso hancin ƙwayar mai mai da tsaki da ɗan gari. Wannan tana da nauyi, in ka damƙa tana ɗan haɗewa, hannunka ya yi maiƙo. Ita ce mai ƙiba dabba, ita ce kuma mai saurin lalacewa, don man nan yana yin ɗaci idan ta kwana biyu a wuri mai zafi.

Sannan mu yi gaskiya: ana jiƙa masara kafin surfe, saboda haka dusa da danshinta take fitowa. Mai gaggawa sai ya ɗura a buhu ya ɗinke. Kwana kaɗan ka zura hannu a tsakiyar buhun ka ji zafi kamar an dafa. Duk wanda zai sayi dusa ya zura hannu har gwiwar hannu, kada ya tsaya a bakin buhu.

Ɗan Kasuwa Dawanau: Ka manta algus, Na Saminaka. Ana niƙa ɓuntun shinkafa a haɗa, wasu har yashi don nauyi. Gwaji mai sauƙi: ɗebi tafi ɗaya ka zuba a kofin gilashi da ruwa, ka motsa. Yashi zai kwanta a ƙasa nan take. Ɓuntu kuma in ka murza a yatsa za ka ji yana karce ka.

Na Saminaka: Wannan ba a bakin inji ake yi ba, Alhaji, a hannunku 'yan kasuwa ake yi.

Ɗan Kasuwa Dawanau: To, yau kuma mu aka tasa. Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Mai Turke: Tawa mai nauyin ce, har tsaki ana gani a ciki. Likita, in ka ce ba ta isa ba, me ya rage a cikinta? Ai daga masara ta fito.

Likitan Dabbobi: Abu uku. Na farko furotin, wato abin da ke gina tsoka. Dusar masara tana da kusan kashi 10 cikin 100, karan masara busasshe kuwa bai wuce kashi 4 zuwa 6 ba. Ƙwayoyin tumbi kansu suna buƙatar aƙalla kashi 7 a dukkan abincin kafin su yi aiki yadda ya kamata, san da ake so ya yi nama kuma yana son wajen 12 zuwa 14. Haɗa dusa da kara, ka ga ba ka kai ba. Shi ya sa ciki ke fitowa baya yana nan yadda yake. Kek ɗin angurya, wato abin da ke ragewa bayan an matse manta, yana da furotin ninki biyu zuwa uku na dusa, gwargwadon yawan ɓawon da aka bari a ciki. Ƙuli-ƙuli ko tunkuza ya fi haka, yana haura kashi 40.

Na biyu abu mai kaushi, na riga na faɗa.

Na uku kalsiyam. Dusa tana da fosfaras da yawa, kalsiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai, alhali jikin dabba yana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. Idan abin ya juye, tsakuwa tana taruwa a mafitsarar namiji ta toshe hanyar fitsari. Raguna sun fi shanu faɗawa wannan, kuma wanda aka dandaƙe ya fi kowa haɗari. Masu turken rago sun san shi: rago ya yi ta yunƙuri yana kaɗa wutsiya, fitsari yana ɗiga kaɗan-kaɗan ko ya ɗauke gaba ɗaya.

Ga abin da nake ba mutane shawara. San da ya kai kilo 250 yana cin busasshen abinci wajen kilo 6 zuwa 7 da rabi a rana. Rabi ya zama kara da harawa, rabi haɗi. Haɗin: kashi uku dusa, kashi ɗaya kek ɗin angurya, a auna da sikeli ba da kwano ba. A kowane kilo 100 na haɗi a sa kilo 1 na gishiri da kilo 1 zuwa 1 da rabi na garin farin dutsen da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa. A raba sau biyu ko uku a rana. Kuma kada a kai wannan adadin rana ɗaya, a hau a hankali cikin mako biyu zuwa uku.

Baffa Mai Sanda: Wane farin dutse kuma? Ga kanwa Allah ya ba mu.

Likitan Dabbobi: Kanwa ba ta maye gurbinsa, Baffa. Kanwa dangin soda ce. Tana rage tsamin tumbi, nan kana da gaskiya, shi ya sa san Mai Turke zai iya jin daɗinta a yanzu. Amma ba ta cike giɓin kalsiyam, kuma irin tsakuwar da dusa ke haddasawa ta fi samun wurin zama idan fitsari ya rasa tsami, abin da yawan kanwa ke jawowa kenan. Kaɗan ba laifi. A riƙa zuba ta kullum a ruwan ragon da dusa kawai yake ci, wannan ban yarda da shi ba. Gishiri ya fi amfani a nan, don yana sa dabba ta sha ruwa sosai ta wanke mafitsara. Wanda yake da harawar wake ko ta gyaɗa isasshiya ma ya rage buƙatar dutsen, don harawa tana da kalsiyam.

Baffa Mai Sanda: Ni dai ban taɓa rasa dabba saboda kanwa ba.

Mahaucin Unguwa: Baffa, kai shanunka suna fita kiwo, suna tsinkar ganye iri-iri. Na turke daban ne. Mu da muke buɗe ciki muna gani. San da aka ɗura wa dusa da gari, sau da yawa za ka tarar tumbinsa ya yi baƙi, tawul ɗin ya ƙone wuri-wuri yana saɓulewa, hantar kuma da ƙuraje masu mugunya sai an yanke an zubar. A waje yana sheƙi, mai saye ya yi murna, a ciki kitse ne da ruwa. San harawa da angurya namansa ya fi tauri a hannu da nauyi a sikeli.

Ɗan Kasuwa Dawanau: Duk wannan ilimi ne mai kyau, amma ku sauko kan kuɗi. Mai kiwo ba don ya burge likita yake yi ba. Kek ɗin angurya tsada gare shi, harawa kuwa daga Maris zuwa faɗuwar ruwa ɗaurinta sai mai hali. Dusa ita ce talaka ke iya kaiwa.

Malamar Lissafi: Alhaji, arhar dusa a ido take. Buhun masara kilo 100 ne, buhun dusa mai girman nan bai kusa da haka ba, mara nauyin ma abin tausayi ce. Kowa ya ɗora buhunsa a sikeli, ya raba kuɗin da kilo, sannan ya kwatanta. Kuma tambayar ba nawa ne kilon abinci ba, nawa ka kashe kafin san ya ƙara kilo ɗaya na nama. Idan da haɗi zai kai inda kake so a wata uku, da dusa zalla sai wata biyar, waɗancan wata biyun na ƙari ci ne kawai yake yi don ya rayu, ga ɗebo ruwa, ga shara, ga haɗarin ciwo. Ban da haka ba da mu kaɗai ake neman dusar ba. Masu kaji da masu kifi suna layi a bakin inji ɗaya da mu, su ne ke ɗaga ta.

Ɗan Kasuwa Dawanau: Malama, lissafinki daidai ne a takarda. Amma mai bijimi biyu kullum yake sayen tiya biyu da kuɗin da ya samu a ranar. Ba shi da jarin sayen buhun kek.

Malamar Lissafi: Sai su haɗu mutum huɗu su sayi buhu ɗaya su raba. Mata a unguwarmu haka muke yi da kowar wake da harawa tun kaka, lokacin da suke arha.

Ɗalibi a Amurka: Ina bin muhawarar nan da sha'awa. A nan yankin da ake noman masara, jihohi irin su Ayowa da Nebaraska, ragowar masana'antar masara babban abincin shanu ne. Wajen kashi ɗaya cikin uku na masarar ƙasar ana mayar da ita man itanol da ake haɗawa da fetur. Sitaci shi ne kusan kashi biyu cikin uku na ƙwayar masara. Idan aka cire shi, abin da ya rage sai ya tattaru ninki uku: furotin ya tashi daga kashi 9 zuwa wajen 27 ko 30. Busasshen shi ake kira DDGS, har ƙasashen waje ake fitar da shi. Masana'antun sitaci da sikari kuma suna fitar da wata dusa mai furotin kashi 20 da ɗoriya. To kada wani ya karanta a intanet cewa Turawa suna ƙiba shanu da "ragowar masara" ya ɗauka irin dusarmu ce. Tasu an cire sitaci an bar furotin, tamu sitacin yana nan furotin ne kaɗan. Abin da suka yi tarayya shi ne yawan fosfaras, su ma dole suke ƙara garin dutse. Tasu kuma tana da matsalar sinadarin sulfa, in ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwar saniya ta makance ta riƙa tangaɗi.

Baffa Mai Sanda: Masara a tankin mota, mutane na neman tuwo. Allah mai iko.

Abu Ammar: Ɗalibi, wannan itanol ɗin ba giya ba ce? Ya halatta a ba dabba ragowarsa?

Mai Kula da Zaure: Malam Abu Ammar, tambayar tana da muhimmanci amma ta malamai ce, a kai musu. Nan mu tsaya kan kiwo, kada zaure ya rabe biyu.

Maman Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Ni koko nake yi na sayarwa, kullum ina da dusar da ke fita bayan na tace gasara. Ina ba saniyata mai tatsa. Ranar da ta yi yawa nakan tara a bokiti kwana uku ko huɗu. Wani lokaci sama yana yin fumfuna kore-kore, sai in kwashe saman in ba ta na ƙasan. Akwai matsala?

Likitan Dabbobi: Hajiya, akwai, kuma taki ta fi ta kowa a zauren nan, don 'ya'yanki ne ke shan nonon. Dusar tacen koko abinci ce mai kyau, ta ma ɗan fi kama da wadda Ɗalibi ya bayyana tunda kin tace sitacin. Amma jiƙaƙƙiya ce, a zafin nan kwana ɗaya zuwa biyu ta fara lalacewa. Akwai fumfunar da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da dafin da ake kira aflatoksin. Ba shi da wari, kwashe saman bokiti ba ya raba ki da shi. Saniya babba tana iya jure kaɗan ba ki ga komai a jikinta ba, amma wani ɓangare yana fita ta cikin nono, kuma tafasa nono ba ta kashe shi. Yana lalata hanta a hankali. A Ingila a 1960 ya kashe talo-talo sama da 100,000 ta hanyar abincin da aka haɗa da gyaɗa, daga nan aka gano shi. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin gurɓatacciyar masara.

Ki ba ta ta ranar a ranar. Abin da ya rage ki matse ruwan, ki shanya a tabarma siriri-siriri har ya bushe ƙarau, sannan ki ajiye.

Na Saminaka: Likita, to ni ma tambaya. Masarar da ta yi baƙi-baƙi, mutane kan kawo a surfa a ce ai surfe ya wanke ta.

Likitan Dabbobi: Ya rage wa mai tuwo, ya tara wa mai dusa. Yawancin dafin yana fata da hanci da fasassun ƙwayoyi, su ne kuma ke tafiya cikin dusa. Irin wannan dusar kada ka haɗa ta da mai kyau. Manoman da ke cikinmu su nemi Aflasafe, maganin rage wannan dafin, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure. Kuma a bar shanya masara a ƙasa tsirara.

Maman Biyu: Innalillahi. Daga yau shanya zan riƙa yi. Na gode, Likita.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan dusar gero da ta alkama muka fi samu, masara sai an kawo daga wajenku ko daga Jamhuriyar Binin. Abin da nake so in ji shi ne maganar kara. Na ji ana zuba masa takin yuriya dabba ta ci. Ba guba ba ne?

Malamin Gona: Guba ne idan dabba ta ci shi kai tsaye ko ta sha ruwansa, cikin ɗan lokaci take faɗuwa. Amma akwai hanyar da aka daɗe ana koyarwa. A sassare busasshen kara ƙanana, kilo 100. A narka yuriya kilo 4 a ruwa kamar lita 60, a yayyafa a hankali ana tattakewa a rami ko a kan leda, a rufe ruf yadda iska ba za ta shiga ba, a bar shi mako uku. Yuriyar tana juyewa ta zama iskar da ke tausasa karan, furotin ɗinsa ya kusa ninkawa, dabba kuma ta ci har sandar da a da take bari a komi. In an buɗe, a baza wanda za a bayar ya sha iska warin ya fita. Ba a ba ɗan maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba, ba a ba jaki ko doki. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi wanda ya iya ya tsaya masa a karon farko. Mutanen Zariya da kewaye, ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika kusa da ku.

Ko ba yuriya, sassara karan kaɗai riba ce. Totuwa ma in an niƙa ana sa kaɗan a haɗi don kaushi, sai dai kada a ɗauke ta abinci, ba ta da wani abin kirki a ciki.

Baffa Mai Sanda: Taki a bakin saniya? Wannan kam ku yi abinku, ni ba da ni ba.

Malamin Gona: Ba dole, Baffa. Mai harawa a rumbu ba ya buƙata.

Mai Turke: Jama'a na gode. Kek ɗin angurya babu shi a garinmu sai an je Kano, amma akwai mata masu ƙuli. Zan iya sa tunkuza a madadinsa?

Likitan Dabbobi: Za ka iya. Tunda ta fi kek ƙarfi, kashi ɗaya cikin biyar ko shida na haɗin ya isa. Sharaɗi biyu: ka karɓi sabuwa daga hannun mai yi ka busar da ita, don gyaɗa ita ce uwar ɗakin wancan dafin, kuma ka tabbata an matse man sosai. Dusarka mai hanci ce, da manta, in mai ya haura wajen kashi 6 cikin 100 na abincin yana hana tumbi narkar da kara. Mai zawon nan kuma kada ka fara masa sabon haɗi sai kashinsa ya daidaita. In ya daina ci ko ka ga ɓangaren hagu na cikinsa ya kumbura, kada ka jira zaure, kira likitan da ke kusa da kai.

Ɗan Kasuwa Dawanau: Mai son kek ya yi magana kafin Alhamis, akwai motar da za ta bi ta Wudil. A haɗa kuɗi a sayi buhu kamar yadda Malama ta ce.

Malamar Lissafi: Da sharaɗin a auna a gabanmu, Alhaji.